Amsoshin Tambayoyinku: Shirya Bindigar Tsuntsaye Don Farautar Talotalon Daji

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Katsina ne, amma shekara tara ke nan ina zaune da iyalina a jihar Misuri ta Amurka. Tun ina yaro nake bin kawuna farautar zabi da fakara, shi ya sa da na samu takardar zama ta dindindin sai na yi kwas ɗin maharba, na karɓi lasisi, na sayi bindiga ƙirar Remington 870, geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin cikin bututu), mai bututu inci 28, wadda nake harbin kurciya da zomo da ita. Bana abokan aikina sun gayyace ni farautar talotalon daji a watan Afrilu. Ɗaya ya ce bindigata ba ta dace ba sai na sayi ta musamman, wani ya ce in rage tsawon bututun, na uku kuma ya ce in nemi harsashi mafi tsawo, na inci 3 da rabi. Abin da na ware bai wuce dala 300 ba. Me ya kamata in canza, me kuma ya kamata in bari yadda yake? Daga wani mai karatu a Misuri.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, bindigar da ke hannunka ta isa. Tun 1950 ake ƙera Remington 870, kuma maharban Amurka sun daɗe suna ɗauko talotalo da ita tun kafin kamfanoni su fara sayar da bindigogin da aka shafe da launin ganye aka ce na talotalo ne. Abin da ke gabanka shi ne ka sauya mata ɗabi'a, domin aikin da za ka sa ta yanzu kishiyar wanda ta saba ne.

Idan kurciya ta tashi, kana son ƙwayoyin dalma su bazu kamar an watsa gero, domin tsuntsun ƙarami ne, yana cikin gudu, kuma ƙwaya uku ko huɗu sun ishe shi. Namijin talotalon daji kuwa yakan kai kilo 8 zuwa 11, gashin fukafukansa kauri gare shi, ƙirjinsa tsoka ce mai yawa, saboda haka ƙwayoyin da suka same shi a jiki sau da yawa ba sa kai wa ga makasa. Sai ya ruga ko ya tashi da rauni, ya je ya mutu a cikin sarƙaƙiya bayan kwana biyu, ba kai ba nama. Wannan ne dalilin da ya sa ba a harbinsa sai a ka da wuya, yana tsaye a ƙasa, bayan an kira shi ya matso. Abin da kake nema ka samu, wato ƙwaƙwalwa da ƙashin wuya, bai fi ƙwai ɗaya da aka ɗora a kan sanda mai kaurin yatsa ba. Duk gyaran da za mu yi magana a kai manufarsa guda ce: ƙwayoyin su tafi a dunƙule, su kuma sauka daidai inda idonka ya nufa.

Mu fara da shawarar da ta fi haɗari, wato ta yanke bututu. Kada ka kusanci bindigarka da zarto. Matsin da ke tara ƙwayoyi yana can ƙarshen bututun ne, a bakinsa, wanda ke nufin duk wanda ya yanke inci shida ya jefar da ainihin abin da yake buƙata, ya koma da bindiga mai watsa ƙwayoyi fiye da da. Bayan haka akwai doka: a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, bindiga irin wannan da bututunta ya gaza inci 18 ta shiga wani rukuni na daban mai tsananin sharuɗɗa, kuma mallakarta ba bisa ƙa'ida ba babban laifi ne da zai iya shafar har takardar zamanka. Gaskiya ne bindigogin da ake sayarwa don talotalo bututunsu yakan tsaya tsakanin inci 21 da 24, amma dalilin shi ne sauƙin juyawa ga mutumin da ke zaune a gindin bishiya cikin rassa. Gajarta ba ta ƙara ƙarfi, tsawo ma ba ya ƙara matsi. Da inci 28 ɗinka, abin da kawai za ka kula da shi shi ne ka zauna inda ba reshen da zai tare maka baki idan za ka karkata.

Yanzu ka tabbatar ba harsashi a cikin bindigar, ka buɗe ta, ka dubi bakin bututun. Idan ka ga wani ɗan zobe a ciki mai tsage-tsage a gefensa, to bindigarka tana karɓar abin da suke kira cok, wani ɗan gajeren bututu da ake murɗawa a baki don a matse mafita ko a sassauta ta. Remington ta fara sa irin nata, mai suna Rem Choke, a 1986, don haka idan sabuwa ka saya kusan tabbas tana da shi, kuma mafi yawa ana sayar da ita ne da cok na tsaka-tsaki, wanda shi ya sa take yi maka aiki a kan kurciya. Faɗin cikin bututun geji 12 inci 0.729 ne, wato kimanin milimita 18 da rabi. Cok na tsaka-tsaki yana rage wajen inci 0.020 daga wannan faɗi, cikakken cok yana rage 0.030 zuwa 0.035, na talotalo kuwa yakan sauko da mafitar zuwa tsakanin 0.660 da 0.670. Bambancin gaba ɗaya bai kai milimita biyu ba, amma a nisan yadi 40 shi ne ke raba ƙwayoyin da suka cika faɗin ƙofar ɗaki da waɗanda suka taru a faɗin faifai.

Shawarata ita ce ka nemi wanda aka rubuta 0.665 ko kusa da haka, ka kuma tabbata an rubuta cewa na Rem Choke ne, domin haƙoran murɗin kowane kamfani daban suke. Na Mossberg ko na Beretta ba zai zauna daidai a bindigarka ba, kuma cok da bai zauna daidai ba yana iya barin ɗan tudu a cikin bututu wanda ƙwayoyi za su daka, su kumbura bakin ko su tsaga shi. Ka shafa ɗan giris a haƙoran kafin ka murɗa, ka riƙa duba ko ya saki bayan kowane 'yan harbi, kada kuma ka taɓa harbi babu cok a ciki domin haƙoran za su lalace. Akwai abu biyu da ba a bi da su ta cok ɗin talotalo: harsashi mai dunƙulen dalma guda ɗaya wanda ake harbin barewa da shi, da ƙwayoyin baƙin ƙarfe irin na harbin agwagwar ruwa, sai dai idan kamfanin ya rubuta ƙarara cewa cok ɗin yana ɗauka. Baƙin ƙarfe ba ya lanƙwasa kamar dalma, idan ya tarar da matsatsiyar hanya ita yake buɗawa. Kada kuma ka ɗauka cewa mafi matsi shi ne mafi kyau. Idan matsin ya wuce kima, ƙwayoyin dalma suna danne juna su baje, wasu su kauce, sai ka ga ramuka a tsakiyar watsuwar inda kan talotalo zai iya shigewa ba abin da ya taɓa shi.

Sai batun harsashi, inda abokinka na uku ya kusa jefa ka cikin matsala. A gefen bututun, kusa da inda ya haɗu da jikin bindigar, an buga tsawon harsashin da take ɗauka. Yawancin 870 na yau da kullum suna ɗaukar inci 2¾ da inci 3 ne, sai wadda aka rubuta Super Magnum ce ke ɗaukar 3 da rabi. Wannan tsawo da ake faɗi shi ne tsawon kwanson bayan ya buɗe, saboda haka harsashi mai tsawo yana iya shiga mazaunin da ya yi masa kaɗan, amma idan aka harba bakinsa ba shi da wurin buɗewa, ƙarfin iskar albarushi ya haura abin da aka ƙera ƙarfen ya jure. Abin da aka buga a jikin bututu shi ne iyakarka. Ba ka ma yi asarar komai ba. Harsashin inci 3 da rabi ya fito ne a 1988, lokacin da kamfanin bindiga na Mossberg da kamfanin harsashi na Federal suka kawo shi musamman domin masu harbin dinya da agwagwa waɗanda ake tilasta wa barin dalma su koma baƙin ƙarfe mai cin wuri. A kan talotalo, abin da ya fi ƙarawa shi ne naushi a kafaɗa, kuma mutumin da ya ji wannan naushi sau biyu yakan fara runtse ido yana fizgar kunama tun kafin bindiga ta tashi. Na ga ƙattin maza da wannan ya lalata wa harbi, kuma cire shi daga jiki ya fi saka shi wuya.

Girman ƙwaya shi ne abin da ya cancanci ka tsaya a kansa. Lambar tana tafiya ne a juye: lamba 4 ta fi lamba 6 girma. A cikin oza ɗaya ta dalma akwai ƙwaya kusan 135 idan lamba 4 ce, 170 idan lamba 5 ce, 225 idan lamba 6 ce. Babbar ƙwaya tana riƙe ƙarfinta zuwa nesa amma ba ta da yawa, ƙaramar tana cika wuri amma tana saurin gajiya. Shi ya sa lamba 5 ta zama ta mutane da yawa, kuma harsashin inci 3 mai oza 1¾ na lamba 5 yana ɗauke da ƙwaya kusan 300. Dokar Misuri ta hana amfani da ƙwayar da ta fi lamba 4 girma a farautar talotalo, kuma hikimar a bayyane take, tunda babbar ƙwaya tana tafiya nesa da ƙarfinta a dajin da wasu maharba ke zaune a ɓoye.

Za ka kuma ji ana ta zancen TSS, wato ƙwayoyin da aka yi da ƙarfen tangistin. Nauyin dalma giram 11.3 ne a kowane santimita kubik, wato ɗan dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, baƙin ƙarfe bai kai 8 ba, TSS kuwa 18 ne. Saboda wannan nauyi, 'yar ƙaramar ƙwaya lamba 9 ta TSS tana ratsa ƙashi kamar lamba 5 ta dalma, ga shi kuma akwai kusan 360 a oza ɗaya, wato ninki biyu da ɗoriya. Tun da Federal ta fara sayar da shi a kasuwa a 2018 ya sauya farautar sosai, har mutane suka koma ɗaukar geji 20 da ƙaramar .410 suna samun abin da da sai geji 12. Illarsa kuɗi: harsashi ɗaya yakan kai dala goma ko fiye. Ga mai dala 300 da geji 12 a hannu, ban ga dalilin farawa da shi ba. Ka sayi kwali biyu na dalma daga kamfanoni daban-daban, ɗaya lamba 5 ɗaya lamba 6, sai dai idan filin da za ku shiga yana cikin waɗanda aka hana dalma, domin akwai irin waɗannan filaye na gwamnati, kuma ana rubuta sharaɗin a ƙasidar dokokin kowace shekara.

Ga wurin da nake so ka fi ba da lokacinka, domin duk abin da na faɗa a sama zato ne har sai takarda ta yi shaida. Bindiga biyu ƙira ɗaya, da cok ɗaya, da harsashi ɗaya, suna iya watsa ƙwayoyi daban. Ka je filin koyon harbi da manyan takardu ko kwalaye, kowanne faɗinsa ya kai yadi ɗaya, ka ɗiga alama a tsakiya, ka auna yadi 40 da tef, kada ka auna da taku. Ka zauna a ƙasa yadda za ka zauna a daji, bayanka jingine, gwiwarka a ɗage, bindiga a kan gwiwa, ka sa abin toshe kunne da tabarau. Ka harba sau ɗaya, ka je ka nemo inda ramukan suka fi taruwa, ka zana da'ira mai faɗin inci 10 a kewaye da wurin, ka ƙirga ramukan ciki kana yi wa kowanne alama da biro don kada ka maimaita. Ma'aunin da maharban talotalo suka saba da shi shi ne rami 100 a cikin wannan da'ira, a rarrabe daidai ba tare da manyan gurabe ba. Ka maimaita sau uku da kowane irin harsashi, kowane harbi da sabuwar takarda, domin harbi ɗaya yana iya yin sa'a. Idan a yadi 40 kana samun 70, ka matso zuwa 35, idan a can ne ka cika 100 to iyakar bindigarka 35, kuma talotalon da ya tsaya a 45 yana kumbura ba naka ba ne a ranar, ko da gemunsa, wato gashin da ke rataye a ƙirjin namiji, yana jan ƙasa.

Takardar za ta nuna maka wani abu na biyu wanda mutane da yawa ba sa tsammani. Lokacin da na fara gwada tawa bindigar da sabon cok, na harba a yadi 20 ina da yaƙinin alamar za ta ɓace. Da na isa sai na tarar da alamar lafiya lau, ga wani rami mai girman tafin hannu can sama ta hagu, nisan kamu ɗaya daga inda na nufa. Shekara da shekaru bindigar tana harbi haka ban sani ba, saboda faɗin watsuwar cok na tsaka-tsaki yana rufe kuskuren. Da aka matse ƙwayoyin sai aibin ya fito fili. Wannan ne ya sa talotalo da yawa da ake kuskurewa ba na nesa ba ne, na kusa ne. A yadi 15 ƙwayoyin ba su fi girman lemo ba, kuma tsuntsun ba ya barin kansa wuri ɗaya.

Daga nan ne buƙatar saiti ta taso. Ɗan ƙwallon da ke bakin bututunka an yi shi ne don harbin abin da ke tashi, inda ido ke bin tsuntsu hannu na bin ido. Ba shi da abokin daidaitawa a baya, saboda haka da zarar ka ɗaga kumatunka daga ƙota don ka ƙara ganin talotalon, wanda kusan kowa yana yi idan zuciya ta fara bugawa, harbin zai wuce ta saman kansa. Mafi araha shi ne saiti mai gaba da baya wanda ake maƙalawa a doron bututu da ƙananan kusoshi, mai ɗan zaren roba da ke tara haske ya yi ja ko kore da asuba. Ka zaɓi wanda na bayansa ke motsawa sama da ƙasa, hagu da dama, domin da shi za ka jawo tsakiyar ƙwayoyin ta dawo kan alama: inda kake son harbi ya koma, can kake tura saitin baya. Wanda ya fi shi shi ne na'ura mai jan ɗigo, wadda ko kanka ya ɗan karkace, inda ɗigon yake nan ƙwayoyi za su sauka, kuma tana taimakon wanda idonsa ya fara rauni. Sai dai tana buƙatar mazauni. Ka duba saman jikin bindigar, idan akwai ƙananan kusoshi a jere to an riga an huda mata, idan babu akwai wani sirdi da ake ɗaurawa ta ramukan fil biyu masu riƙe gidan kunama, ko maƙerin bindiga ya huda maka. A shekarar farko, da kuɗin da ka ambata, na maƙalawa ya wadatar. Ka daidaita shi a yadi 15 da harsashin kurciya mai araha da sauƙin naushi, sa'an nan ka tabbatar da na talotalo a yadi 20 da 40.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Ka sa maratayi, domin za ka yi tafiya cikin duhu a tuddan Ozak na kudancin Misuri hannuwanka ɗauke da wasu kaya, kuma idan Allah ya ba ka sa'a za ka dawo da kilo goma a kafaɗa. Ka sauya robar gindin ƙota da mai laushi. Dokar jiharku ba ta yarda bindiga ta iya ɗaukar fiye da harsashi uku ba a wannan farauta, don haka ka tabbata ɗan sandan toshi da ke cikin ma'ajiyar harsashi yana nan, ka gwada da hannunka ka ga biyu kawai ke shiga. Game da launi, talotalo yana bambance launuka, yana ganin kusan duk kewayensa ba tare da ya juya sosai ba, amma abin da ya fi tona maharbi shi ne ƙyalli da motsi. Idan bindigarka baƙa ce marar sheƙi, ka bar ta. Idan tana ƙyalli, ka naɗe ta da tef mai launin ganye irin wanda ba ya barin danƙo, ka kula kada ya taɓa hanyar da mariƙin gaba, wanda ake ja don ɗana harsashi, ke zamewa, ka kuma warware shi idan ruwa ya dake ku, domin danshin da ya kwana a ƙarƙashinsa tsatsa yake haifarwa. Kai da ka bi kawunka daji ka san maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe, ka kuma san cewa haƙurinsa da iya motsinsa ne ke kai shi kusa da dabba fiye da kan burtun.

Sai dai a nan ne dole ka ajiye wata ɗabi'ar gida. A dajin talotalo ba a sanɗa. Kukan macen da kake ji a bayan tudu yana iya zama wani maharbi ne ke busa abin kira, yatsansa kusa da kunama, yana jiran motsi. Ka zauna a gindin bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi, ka kira, ka bar tsuntsun ya zo. Kada ka sa ja, ko fari, ko shuɗi, ko da safa ce ko hankici, domin launukan kan namijin talotalo ke nan. Idan ka hango mutum yana tahowa, kada ka ɗaga hannu, ka yi magana da babbar murya kana zaune. Kada ka ɗora yatsa sai ka ga gemun da ke rataye a ƙirjinsa da idonka, tunda a wannan lokaci namiji ko mai gemu kawai aka halatta, ka kuma ga abin da ke bayansa. Idan ya buɗe wutsiya ya cusa kai cikin gashi, ka jira ya miƙe wuya, sa'an nan ka nufi inda jan fatar wuya ta haɗu da gashi, yadda rabin ƙwayoyin na sama za su ɗauki kai, na ƙasa su ɗauki wuya.

Ina nanata batun iyakar nisa ne saboda tsuntsun nan da ƙyar aka dawo da shi. A farkon shekarun 1950 talotalon da ya rage a Misuri bai kai 2,500 ba, saboda sare daji da harbi ba ƙa'ida. Daga 1954 hukumar kula da namun daji ta jihar ta shiga kama na daji da raga tana kai su wasu yankuna, aka sake buɗe farautar a 1960, kuma wani ɓangare na kuɗin irin wannan aiki yana fitowa ne daga harajin kashi 11 cikin ɗari da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ɗora a kan bindigogin farauta da harsasai. Yau ana samunsa a duk jihohin Amurka ban da Alaska. Wanda ya harba daga nesa ya raunata tsuntsu ya tafi, ya ci amanar wannan wahala, ya kuma azabtar da rai a banza.

A matsayinka na Musulmi, ka ambaci sunan Allah lokacin da za ka harba, ka riƙe wuƙa mai kaifi a aljihu, ka isa wurinsa da sauri bayan ka mayar da makullin bindiga, idan ka same shi da sauran rai ka yanka shi. Ka taka wuyansa ko ka danne fukafukan kafin ka kai hannu, domin yana fizge-fizge da ƙarfi kuma tsinin da ke bayan ƙafarsa yana tsaga fata. Lokacin farautar a jiharku yana buɗewa ne ranar Litinin ta uku a watan Afrilu, ya yi mako uku, yana da takardar izini ta daban bayan lasisin da kake da shi, kuma wajibi ne ka kai rahoton abin da ka kashe ta waya ko intanet kafin ƙarfe goma na daren ranar. Ka sayi cok da harsasan tun watan Fabrairu, domin ana gab da buɗewa shaguna kan ƙare da lamba 5.

TAMBAYA: Malam, mu nan gida talotalo na kiwo muka sani, sai zabon daji. Shin irin wannan matse bakin bindiga zai taimaka wajen harbin zabo? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ba zai taimaka ba, ɗan'uwa, zai ma rage maka. Talotalon daji tsuntsun Arewacin Amurka ne, kuma yadda ake farautarsa, a kira shi ya zo ya tsaya, shi ya haifar da buƙatar matsin nan. Zabo nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, yana tafiya a garke, yana ruga cikin ciyawa ya tashi ba zato, don haka matsi na tsaka-tsaki da ƙwaya lamba 5 ko 6 shi ya dace da shi. Matsattsen baki a kusa ko dai ka kuskure, ko ka dagargaza naman. Ina kuma roƙonka, idan bindigarka ƙirar gida ce, ta toka ko wadda aka yi da bututun ruwa, kada ka bari kowa ya daddaƙe bakinta da guduma da sunan matsewa, kada kuma ka sa mata harsashi mai nauyi irin wanda muka ambata a sama. Ƙarfen bindigar kamfani an gwada shi da matsin da ya wuce na harsashin da aka rubuta mata, na maƙera ba a gwada shi ba, kuma idan ya fashe hannun hagu da fuska yake fara samu. Idan ta kamfani ce mai baki biyu, yawanci bututu ɗaya ya fi ɗaya matsi tun daga ƙira, sai ka fara da mai sauƙin idan garken ya tashi kusa, ka bi da ɗayan idan sun yi nisa, bayan ka tabbata takardun bindigar da izinin farautarka suna kan ƙa'ida kuma lokacin a buɗe yake.